Mai Tsufar da Taragu

Gwangwanin sardin daga shagon Hamajoda,
murfin kwalba huɗu, wayar keke,
ƙusa biyu na lanƙwasa su zama maƙata.
Kafin la'asar tarago ya tsaya da ƙafarsa
a kan benci, yana ƙyalli kamar kwanon jere.
Wannan kowa zai iya.
Nawa aikin sai bayan nan yake farawa.

Shekara talatin da ɗaya na yi a tashar Ngaundare,
inda dogo ya ƙare, ya miƙa wa manyan motoci kayan Cadi.
Ina shiga tsakanin tarago da tarago ina ɗaura musu aure,
ban taɓa haɗa mai ƙyalli ba.
Wanda ya hauro daga Duwala
ya sha ruwan kurmi, gishirin teku ya lashe shi.
Na auduga da farin gemu a bakin ƙofa.
Na shanu kuwa, hanci ke riga ido ganinsa.

To ga yadda nake yi.
In kankare fenti da dutsen washi, ba ko'ina ba,
sai inda kafaɗar ɗan dako za ta goga.
In jiƙa gishiri da lemun tsami,
in ɗiga da tsinken tsintsiya daga kan ƙusa,
don tsatsa ba ta hawa, gangarowa take,
tana bin sawun da ruwan bara ya bari.
Kwana uku a gindin mangwaro, raɓa ta yi nata.
Sai jar ƙasar bayan tasha, in tankaɗe da tsumma,
baƙin mai na garejin Bobbo a ƙafafu,
tukar goro inda launi ya ƙi,
gawayi a rufi.
In ya yi yawa ƙarya ce,
in ya gaza ma ƙarya ce.

Wani ɗan kasuwa ya taya sefa dubu biyar,
wai in ba shi sabo, na ɗorawa kan talabijin.
Na ce sabo bai je ko'ina ba,
me zai faɗa wa baƙinka?

Ran Laraba na tafi karɓar fansho.
Na dawo na tarar da Dudu, jikata, 'yar shekara bakwai,
ta jera taragu tara a bakin rariya,
ga toka, ga soso, ga guntun sabulu,
hannunta ja har gwiwa,
tana dariya da giɓinta:
"Kaka, na wanke maka. Duk sun yi datti."

Wata huɗu ya bi rariya.
Har da na bakwai,
wanda na lotsa wa baki daidai yadda na gaske ya lotse
daren da ya ja baya ba a busa usur ba,
ya tafi da yatsuna biyu,
ya tafi da Sali gaba ɗayansa.

Na zauna.
Magana ta cika min baki, na haɗiye.
Na ɗauki na bakwai na juya shi a rana:
soso ya ci tsatsa, bai ci lotsawar ba.
Ga kuma sababbin ƙarce, ƙanana, karkatattu,
waɗanda hannuna bai taɓa iya ƙagowa ba,
don ni da niyya nake yi,
hanya kuwa ba ta da niyya.

Na ce ɗauko gishiri. Tsinko lemu.
Ta ɗiga, yatsunta na rawa, ɗigon ya kauce,
ya bi wani kwari da ban zaɓa ba.
Na bar shi.

Sai ta kama dunguna tana dubawa,
tabo, da tamoji, da baƙin da ya ƙi sabulu,
ta ce, "Kai wa ya yi maka naka?"

Daga tasha jirgin yamma ya yi kuka.
Na ce, kai shi gindin mangwaro.
Kwana uku za mu jira,
kada ki taɓa.